Yadda ake gane damina ta zauna a Kaduna kafin a zuba iri a ƙasa

Duk shekara, da zarar an yi ruwan farko a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, ƙura ta kwanta, ƙamshin ƙasa ya tashi, sai muhawara ta kaure a majalisun Kaduna, wasu na cewa damina ta faɗi, wasu na cewa da sauran rina a kaba. Ga ma'aikacin ofis wannan hira ce kawai, amma ga wanda ya sayi irin masara da tsada ya ajiye, ko ya kama gona haya a wajen Kujama ko Maraban Jos, amsar wannan tambaya ita ce ke raba mai shuka sau ɗaya da mai shuka sau biyu. Ni kaina na taɓa bin ruwan Afrilu na zuba iri, ya tsiro gwanin sha'awa, sannan sama ta ɗauke kusan mako uku, ina ji ina gani tsiron ya nannaɗe ya ƙone. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da mutum zai bi, da idonsa da gwangwani ɗaya da littafin rubutu, ya bambance ruwan da ya leƙo da ruwan da ya zo zama.

Matakin farko shi ne ka san inda ruwan yake fitowa. Danshin da ke zuba a kan rufin gidajenmu daga Tekun Atlantika yake tasowa, daga mashigin Gini da ke kudu da Legas da Fatakwal. Ƙasa ta fi teku saurin ɗaukar zafi, saboda haka idan rana ta fara hawowa arewa a watan Maris, har ta tsaya daidai tsakar kan mutanen Kaduna wajen tsakiyar Afrilu ta wuce, sai hamadar Sahara ta gasu, iskar da ke kanta ta yi sama ta bar gurbi, iskar teku mai sanyi da danshi kuma ta kwararo domin cike gurbin. Tana tsallako layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, daga kudu maso gabas ne, amma juyawar duniya takan karkatar da ita, shi ya sa take iso mana daga kudu maso yamma. Masana yanayi suna kiran irin wannan iska mai sauya alƙibla da sauyin lokaci monsun, kalmar da asalinta Larabci ne, mausim, wato lokaci na shekara, kuma matuƙan jiragen ruwa na Tekun Indiya ne suka yaɗa ta. Ta Indiya ce ta fi suna a duniya, wadda takan sauka a jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, amma tamu ta Afirka ta Yamma ma 'yar gidan ce. A nan zan riƙa kiranta iskar damina.

Kishiyarta kowa ya san ta, domin ita ce ke fasa mana leɓe da ƙafa: iskar hunturu, busasshiya, daga arewa maso gabas, wadda mafi yawan ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tashi. Tsakanin iskokin nan biyu akwai iyaka, kuma iyakar ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku, daga nan ta riƙa hawowa arewa sannu a hankali, har a watan Agusta ta kai wajen digiri 20 arewa da ikwaita, wato ta wuce Agadas, sannan ta juyo. Birnin Kaduna yana kan digiri 10 da rabi ne, don haka iyakar takan ratsa mu sau biyu a shekara, sau ɗaya tana hawa a bazara, sau ɗaya tana sauka da kaka.

A nan ne yawancin mutane suke ruɗewa, kuma nan ya kamata ka fi tsayawa. Isowar iyakar ba ita ce isowar damina ba. Iskar teku ta fi ta hamada sanyi da nauyi, saboda haka takan kutsa ta ƙarƙashinta ne kamar bakin gatari a jikin itace: a gaba siririya ce, kaurinta yana can baya, ɗaruruwan kilomita kudu da iyakar. Lokacin da bakin ya iso Kaduna, danshin da ke kanmu bai da zurfi, kuma a samansa akwai busasshiyar iska da ke shanye gajimare kafin ya girma. Wata rana zafi ya yi yawa, hadari ɗaya ya samu ya fasa ya zubar da ruwa mai yawa, kowa ya ɗauki fartanya. Bayan kwana biyu iyakar ta ɗan ja da baya, domin tafiyarta gaba da baya ce irin ta mai tallan da bai yanke shawarar layin da zai shiga ba, sai a koma zafi da hazo. Wannan shi ne ruwan yaudara, kuma shi ya cinye mini iri. Wannan siffa ta bakin gatari ita ce kuma dalilin da ya sa Kafanchan da Kagoro da Kwoi suke riga birnin Kaduna samun zaunannen ruwa, Kaduna ta riga Zariya da Maƙarfi, alhali duk jiha ɗaya ce. A shekara madaidaiciya kudancin jihar kan samu milimita 1,500 ko fiye, birnin Kaduna wajen 1,200, Zariya kuwa tsakanin 1,000 da 1,100. Idan ɗan'uwanka mai noman citta a Kachia ya kira ka ya ce sun gama shuka, ka taya shi murna, amma kada ka ɗauki kalandarsa ka kai gonarka ta Giwa ko Soba.

Duba iska kafin ka duba gajimare

Ka samu gora mai tsawo ka kafa a fili, inda gini ko bishiya ba za su kare ta ba, ka ɗaura mata ƙyalle mara nauyi a kai. Abin da za ka riƙa dubawa shi ne inda jelar ƙyallen take nunawa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe, domin da rana zafi yakan hautsina iskar ƙasa ta rasa alƙibla. Ga mai neman sauƙin gane kusurwa, alƙiblar sallah a Kaduna tana gabas ne ta ɗan karkata arewa, saboda haka idan ka fuskance ta, iskar hunturu za ta bugi fuskarka ta ɓangaren hagu, iskar damina kuwa ta bayanka za ta zo, wajen kafaɗar dama. Wanda ya fi sabawa da mafitar rana sai ya yi lissafi da ita. Ranar da jelar ƙyallen ta nuna arewa maso gabas, iskar teku ce ke kaɗawa. Rana ɗaya ba hujja ba ce. Abin da kake nema shi ne ta kwana bakwai zuwa goma a haka ba tare da ta juya ba, kuma ka rubuta kowace safiya, domin ƙwaƙwalwa takan riƙe abin da rai yake so ne kawai.

Cikin gida ma akwai shaidu. Gishiri yakan fara dunƙulewa, ƙofar katako da ta saki da rani ta fara cijewa, wanki ya daina bushewa cikin sa'a guda, zafin dare ya koma mai gumi wanda ko an yi wanka ba a jin daɗi. Duk waɗannan suna nuna danshi ya shigo. Magabata sun haɗa da nasu alamomin, kuma ban ga dalilin raina su ba, domin yawancinsu iskar nan suke karantawa ta wata hanya. Shamuwa takan biyo damina daga kudancin Afirka ta zo ta yi sheƙa a garuruwanmu, gawo kuma yakan zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, har ake masa kirari da wanda ya ƙi ruwan Allah. Manoma na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama, kuma watan bakwai na lissafinsu yana faɗowa ne wajen Mayu. Sai dai a lura, karin maganar alama ta ce, ba ta ce a yi shuka ba. Shamuwa tana gaya maka lokaci ya matso, amma ba ta da labarin ko za a yi fari na kwana goma sha biyar bayan ka rufe iri.

Abin da ya sa hadari ke fitowa daga gabas

Mai lura zai ce: in dai danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, me ya sa kowane yaro a Kaduna ya san hadarin da ke zubar da ruwa daga gabas yake haɗowa? Amsar ita ce sama hawa-hawa ce. A ƙasa iskar damina ce ke kawo danshi, amma a tsayin kilomita 3 zuwa 4 akwai wata iska mai gudu da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, wadda bambancin zafin hamada da sanyin kudu ke haifarwa. Idan gajimaren hadari ya yi tsawo ya kai gare ta, ita ce ke tura shi yamma. Kana iya ganin wannan da idonka a safiyar Yuni ko Yuli: ƙananan gajimare na ƙasa suna gudu zuwa arewa maso gabas, da la'asar kuma baƙin hadari ya taso daga gabas yana nufo ka. Mafi yawan ruwan da muke samu a shekara irin waɗannan hadurra ne ke kawo shi, masu jeruwa a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiyar kusan kilomita 50 a sa'a. Tsaunukan Jos suna daga cikin wuraren da suke ƙyanƙyashe su, domin tudu yakan tilasta wa iska mai danshi hawa sama, kuma da yake tsakanin Jos da Kaduna a miƙe bai kai kilomita 200 ba, hadarin da ya haɗu can da azahar yana iya riskar mu kafin isha. Wanda yake da ɗan'uwa a Saminaka ko Pambeguwa yana da mai ba shi labari kyauta sa'o'i kafin ruwa ya iso.

Iskar nan ta sama ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take yi kamar igiyar ruwa, kuma kowace lanƙwasa takan wuce ta kanmu bayan kwana 3 zuwa 5. Wannan ne ya sa a tsakiyar damina ake ganin ruwa yana zuwa kamar da ƙa'ida, a yi kwana biyu ana sheƙawa, a sarara kwana biyu ko uku, a sake. Wasu daga cikin waɗannan igiyoyi, idan suka fita teku ta wajen Senegal, su ne ke girma su zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa tsibiran Karebiyan da Amurka, wato hadarin da ya jiƙa maka shanya a Tudun Wada yana iya zama labarin duniya bayan mako biyu. Amfanin sanin wannan gare ka shi ne, idan ka ga ruwa ya fara zuwa a kan wannan tazara ta kwana uku zuwa biyar, sau uku a jere, alama ce mai ƙarfi cewa injin damina ya tashi sosai.

Hadarin farkon damina ya fi na tsakiyarta iska, saboda busasshiyar iskar da ke sama tana shanye wani ɓangare na ruwan tun bai iso ƙasa ba, ta yi sanyi ta faɗo da ƙarfi ta bazu a gaban hadarin. Ita ce sanyayyar iskar nan mai ƙura da ke zuwa mintuna kaɗan kafin ɗigon farko, kuma ita ce ke yaye kwanon rufi da karya turakun lantarki a Afrilu da Mayu. Don haka gyaran rufi da sare rassan da suka rataya a kan ɗaki aikin watan Maris ne. Game da tsawa kuwa, ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3, saboda haka ka ƙirga daga ganin walƙiya zuwa jin ƙarar, ka raba da uku, ka san nisanta. Idan ƙirgen bai kai 30 ba, ka bar gona ka shiga gini ko mota, kada ka fake a gindin bishiya, musamman wadda ta tsaya ita kaɗai a fili.

Awon ruwa da yanke shawarar shuka

Ido ba ya iya auna ruwan sama. Ruwa mai iska da tsawa na minti ashirin yakan tsorata mutane alhali bai jiƙa ƙasa ba, yayyafin dare kuma wanda ba wanda ya kula da shi ya ratsa ta sosai. Ka samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, gindin kuma a shafe, irin babban gwangwanin madarar gari da aka yanke wa baki tsaf. Ka ɗaure shi a kan turke daidai tsayin gwiwa, a tsaye ba karkace ba, nesa da bango ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Kowace safiya a lokaci ɗaya, kafin rana ta fara shanye shi, ka tsoma rula ta 'yan makaranta ka karanta zurfin ruwan da milimita, ka rubuta, ka zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma ka rubuta sifili, domin ranakun sifili su ne rabin labarin. Bokiti mai faɗin baki ba zai yi ba, zai ba ka adadin da ya wuce gaskiya.

Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan hekta guda. Rufin gida mai murabba'in mita 100 yakan tara lita 2,000 daga ruwan milimita 20, kimanin jarka 80 ke nan ta lita 25, abin da ya isa ya sa mai sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ya yi tunanin sanya indararo da tanki.

Ƙa'idar da masana aikin gona suka daɗe suna amfani da ita a yankinmu na sabana ita ce: damina ta fara ne idan aka samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan a cikin kwana 30 da suka biyo baya ba a yi fari na fiye da kwana 7 ba. Rabin farko na ƙa'idar gwangwaninka zai gaya maka. Rabi na biyu kuwa gaibu ne a ranar da kake tsaye da iri a hannu, kuma a nan ne sauran shaidun suke shigowa. Idan an samu milimita 20 ɗin, ƙyallenka ya shafe fiye da mako yana nuna arewa maso gabas, garuruwan da ke kudu da kai sun riga sun samu zaunannen ruwa, kuma kalanda ta kai lokacin da aka saba, to haɗarin ya ragu ƙwarai. Lokacin da aka saba ɗin, a taƙaice, shi ne ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu a kudancin jihar, tsakiyar Mayu zuwa ƙarshensa a kewayen birnin Kaduna, ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni a ƙasar Zazzau ta arewa. Ruwan milimita 40 a ranar 5 ga Afrilu a Igabi, komai daɗinsa, na sharar gona ne da huɗa, ba na masara ba.

Kafin ka yanke hukunci ka tona ƙasa da fartanya. Idan danshi ya kai zurfin tafin hannu da 'yan yatsu, kuma ka damƙi ƙasar ta dunƙule ba ta warwatse ba, ta sha. Jigawa takan sha da wuri ta bushe da wuri, ƙasa mai laka takan jinkirta amma ta riƙe, saboda haka gonaki biyu da ke maƙwabtaka suna iya bambanta da kwanaki. Shawarata ga mai gona babba ita ce ya raba shukar kashi biyu ko uku, tsakaninsu mako guda ko kwana goma, don in fari ya kama kashin farko kada ya tafi da jarin duka. Binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwa, dabara ce da ta dace da gero a can arewa inda damina gajera ce kuma irin ba shi da tsada. Ga irin masara na kamfani ban ga hikimarta ba, domin ɗan yayyafi ya isa ya tayar da shi ya bar shi a hanya.

Jinkiri ma yana da nasa farashi, kada a ɗauka jira kullum shi ne dabara. Wanda ya kai ƙarshen Yuni bai shuka masara mai kwana 120 ba a arewacin jihar yana caca ne da ƙarshen damina. Idan ka makara, ka sauya iri maimakon ka yi ta addu'ar ruwa ya ƙara wata guda: akwai masara mai nuna cikin kwana 90 zuwa 95, akwai ma mai 80 zuwa 85. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce ke fitar da irin da sunayensu ke farawa da SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa, kuma abin da ya kamata ka tambayi mai sayarwa ko malamin gona shi ne kwana nawa irin yake yi, ka gwada da kwanakin da suka rage maka.

Hasashen hukuma yana da gurbinsa a cikin wannan lissafi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take bayyana lokacin da ake sa ran farawar ruwa da ɗaukewarsa da yawansa da kuma wuraren da ake fargabar fari a tsakiyar damina, har zuwa matakin ƙaramar hukuma. Ka nemi na ƙaramar hukumarka, ka ɗauki ranar da aka bayar a matsayin tsakiyar wani zango na kwanaki, ba alƙawari ba. Abin da suke dubawa ya haɗa da zafin tekuna masu nisa. Idan gabashin Tekun Pasifik ya yi ɗumi fiye da ƙima, yanayin da ake kira El Nino, daminar yankin Sahel takan yi rauni, kuma manyan fare-faren da dattawa ke tunawa, na 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, sun zo ne a kusa da irin waɗannan shekaru. Haka kuma idan ruwan mashigin Gini ya yi ɗumi, bambancinsa da hamada yakan ragu, ruwa ya maƙale a gaɓar teku ya yi nawar hawowa. Manhajojin waya kuwa suna da amfani ga kwana biyu ko uku masu zuwa, amma ba su iya faɗin unguwar da hadari zai fasa, kuma kowa ya taɓa ganin an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Barnawa alhali Kawo ko ɗigo.

Daga marka zuwa kaka

Wajen ƙarshen Yuni babban zangon ruwan yakan yi tsalle daga gaɓar teku ya dawo daidai layinmu, daga nan kuma sai a shiga cikin damina sosai, har a kai marka a watan Agusta, wanda shi ne watan da ya fi kowanne ruwa a Kaduna. A lokacin danshi ya yi kauri, tsawa da iska sun ragu, sai ruwa mai naci da kan wuni ya kwana, rana ta yi kwanaki ba a gan ta ba. Abin sha'awa, a daidai wannan lokaci ne mutanen Legas da Ibadan suke samun ɗan hutun ruwa, domin zangon ya baro su ya zo gare mu. Aikin gona a wannan tsakani sai da kallon sama. Takin NPK ana sa wa masara cikin mako biyu da shuka, yuriya kuma a mako na biyar zuwa na shida, kuma duka biyun a tona a rufe su a ƙasa mai danshi. Wanda ya watsa yuriya a sama ana haɗa hadari, ya yi wa rafi sadaka. Feshi kuma da safe ya fi, tunda yawancin hadurranmu na la'asar ne da dare, maganin zai samu sa'o'in da zai kama ganye.

Mazauna bakin kogi suna da wani lissafin na daban. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, kuma kafin ya iso birni yakan karɓi ruwan Galma da ya ratso ƙasar Zariya, saboda haka cikarsa ba ta dogara da ruwan da aka yi a unguwarku ba. Yana iya tumbatsa da rana tsaka, sama tas, saboda ruwan da aka yi jiya a wani wuri mai nisan kilomita ɗari. Haɗarin ya fi yawa daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da ƙasa ta ƙoshi ba ta iya shan ƙari, kamar yadda aka gani a manyan ambaliyoyin da suka shafi jihohi da yawa a 2012 da 2022. Mutanen wurare irin su Kigo Road da Rafin Guza da sauran unguwannin da ke kwance a gaɓar kogin su kafa sanda mai alamomi a bakin ruwa su riƙa dubawa safe da yamma, su saurari hasashen ambaliya da hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna take fitarwa kowace shekara, su kuma yanke tun da wuri alamar da in ruwa ya kai ta za a kwashe yara da takardu. Yashe magudanar ruwa da toshe gindin katangar ƙasa kafin marka ake yinsu.

Komawar iyakar kudu ta fi hawowarta sauri, shi ya sa damina takan shigo da jan ƙafa amma ta fita kusan farat ɗaya. Alamar farko ita ce dawowar hadari mai iska da tsawa a ƙarshen Satumba, irin na farkon damina, domin bakin gatarin ne ya sake zuwa kanmu yana ja da baya, kuma wannan iska ce ke kwantar da masara da dawar da suka yi nauyi. Daga nan tazarar ruwa ta buɗe, raɓa ta yi yawa da asuba, sararin sama ya yi fari-fari. A Zariya ruwa yakan ɗauke a farkon Oktoba, a Kaduna wajen tsakiyarsa, a kudancin jihar kuma ya kai ƙarshen watan. Da wannan lissafi ne ake shuka wake daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, domin ya yi fure da sauran danshi, ya bushe bayan ruwa ya tafi. Masarar da aka girbe ana sauran ruwa kada a zube ta a ƙasa, a shanya ta a kan tamfol ko daɓe a riƙa kwashewa da yamma, domin danshi yana haifar da fumfuna mai dafin da ke lahanta hanta, kuma masu sayen hatsi na kamfanoni suna mayar da irin wannan kaya.

Ranar da jelar ƙyallenka ta juya ta koma nuna kudu maso yamma, ta kwana uku ko huɗu a haka, gishirin ɗaki ya saki, sai ka ɗauko littafin ka fitar da abubuwa huɗu a shafi guda: ranar da ruwa ya zauna bisa ƙa'idar milimita 20, wadda yanzu kana iya tabbatar da rabinta na biyu, fari mafi tsawo da aka yi bayanta da watan da ya faɗo, ranar ruwan ƙarshe, da jimillar milimitar shekara. Ka rubuta kusa da su ranar da ka yi shuka, irin da ka sa, da buhunan da ka samu. Ka wanke gwangwanin ka kife shi a ɗaki don kada ya yi tsatsa, ka sauya ƙyallen da rana ta cinye, ka mayar da su fili a farkon Maris.